Yaye

Lurwanu mai gyara a Ƙofar Ƙaura
ya juya wayar, ya hure bakin caji,
ya ce, "Lafiyarta lau.
Kamfani ne ya yaye ta."

Shekara shida.
An yi mata ƙanne, ƙannen ma sun samu ƙanne.
Sabuwar manhaja ta fi ƙarfin cikinta,
kuma wa zai biya injiniya
ya zauna ɗinka wa tsohuwa riga?

Banki ya rufe mata ƙofa tun Talata.

Na ce, "Muryar Inna na ciki,
Allah ya jiƙanta,
tana tambaya ko na ci tuwo."

Ya yi shiru.
Ya miƙo mani ita da hannu biyu,
bai amshi ko sisi ba.