Tsakanin Kira da Amsa

A shagona na Rumde Ajiya kwamfuta huɗu ce,
uku na gudu, ɗaya na ɗingishi.
Yaran Garwa sun raɗa mata Gurguwa.
Ba mai ajiye sefarsa ya zauna gabanta
sai in sauran kujeru sun cika.

Katin hotonta sabo ne fil,
ƙwaƙwalwarta ma ba raguwa ba ce.
Amma daidai sa'ar da Hamajoda zai juya ya harba
sai hoto ya daskare, ƙiftawar ido ɗaya,
kafin ya dawo an kwantar da shi.
Ya daki tebur: "Wallahi na danna!"
Na sani, ya danna.
Amsa ce ta makara.

Ranar da wuta ta ɗauke na buɗe cikinta.
Sandar memori ɗaya tal, ramin kusa da ita wayam,
ƙofa guda ga taron ɗaurin aure.

Wani ɗan Kusuri ya kawo mini tagwaye a kwali,
an rubuta dubu uku da ɗari shida da manyan baƙaƙe.
Ya ce, "Wannan iska ce."
Na nuna masa ƙaramar lambar gefe, goma sha takwas.
Ya ce, "Wannan ado ne."

Ba ado ba ne.
Babana ya koya mini, shi da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba.
Shekara talatin yana fito a Binuwai.
Yakan ce matuƙa iri biyu ne:
akwai mai ƙarfin dantse, wanda in ka kira shi
sai ya gama goronsa, ya nemi hula, ya kwance igiya;
akwai mai tafiyar hawainiya, wanda kafin ka rufe baki
gorarsa ta taɓa ruwa.
In hanya doguwa ce, ɗauki na farko.
In tsallake ne sau ɗari a yini, ka san naka.

Wasa kuwa kira dubu ne a numfashi ɗaya.

Na danna su cikin ramukansu, suka kama ram.
Na kunna. Ashe rabin ƙarfinsu suke bayarwa
kamar lebura ranar da maigida ya yi tafiya,
sai da na shiga ɗakin saiti na ba su izini.
Daga nan kwaɗayi ya kama ni.
Na rage sha takwas zuwa sha huɗu,
allo ya yi shuɗi kamar an tsoma shi a marina.
Na koma sha shida,
na bar ta tana jarrabawa har asuba,
fanka na juya zafin Maris daga wannan bango zuwa wancan.

Da safe lissafi bai ƙaru da yawa ba,
hoto bakwai ko takwas a daƙiƙa.
Ɗingishin ne ya tafi.
Hamajoda ya zauna, ya juya, ya harba,
aka sake kwantar da shi.
Ya dubi allon, ya dube ni,
bai sami wanda zai ɗora wa laifi ba.

Da magariba na koma gida.
Baba na kan tabarma, fuskarsa wajen kogi.
Na ce, "Baba."
Na ƙirga a zuci: sha huɗu, sha shida, sha takwas.
Komai na nan a cikinsa, na tabbata,
sunayen mashigai, farashin kifi na shekarar ambaliya,
hanyar ɗaukowa ce ta yi nisa,
kuma babu ɗakin saitin da zan shiga.

Ashirin da biyar. Talatin.
Ya kira sunan wana da ya rasu,
ya girgiza kai,
sannan ya ce, "Iro. Ka dawo?"
Na ce, "Na dawo."
Na gyara zama, na jira tambaya ta biyu.