Lugude a Shagona

Tsohuwar kwamfutata jakin Baba ce:
buhu ɗaya take ɗauka, ta kai, ta dawo.
In na ce ta buga takarda
sai ta sandare a kan hoton da take gyarawa,
ɗan zobe ya hau juyi a fuskarta,
Malam Sallau na tsaye da fom ɗin ɗansa,
man janareta na ƙonewa a banza.

Bana na sayar da tumaki biyu da buhun riɗi,
Ɗan'azumi ya kawo min wata daga Kano.
Ya ce, "Kai ɗaya ne, ƙwaƙwalwa huɗu."
Na ce, to, Allah ya raba mu da aljanu.

Ranar kasuwar Gujungu na ga aiki.
Ɗaya na tura fom, ɗaya na wanke hoto,
ɗaya na zuba wa Tabawa karatu a waya,
ta huɗun na gadin ƙofa.
Lugude ke nan:
turmi ɗaya, taɓare huɗu,
ba wadda ta daki hannun 'yar'uwarta.

Sai dai akwai aikin da ba ya rabuwa,
kamar zura zare a allura.
Nan ɗaya ke gumi, ukun na kallo.
In kuwa sabis ya ɗauke,
ko ɗari ne, zaman jira muke.

Amma jiya kafin la'asar na sallami kowa,
na kashe inji da sauran mai a tanki,
na tafi duba gerona.