Gangaren Bayan Kalfu

Keken nan tsohon hannu ne.
Daga Katako aka ɗoro mini shi a saman mota,
tsakanin buhunan gawayi da wata akuya.
Giya ashirin da ɗaya, in ji mai sayarwa.
Na ƙirga a Tawa, tara ke shiga,
sauran sai kuka kamar ƙyauren langa-langa.

Bizo ya kifa shi a gindin dogon-yaro, tayu sama,
ya kasa kunne yana murza feda da hannu.
Ya ce, "Kacar nan ƙishi take ji,
amma kada ka shayar da ita baƙin mai,
yashi zai bi ta ya cinye haƙora.
Kananzir, da tsohon buroshi.
Ɗigo guda a kowace gaɓa,
sannan ka goge har tsumma ya gaji."
Na biya shi jaka ɗaya, ya ƙara mini da faɗa kyauta.

A jakar ƙugu: faci shida, gam, ɗan famfo,
cokula biyu na matata da ba ta san sun bar gida ba,
dabino, da sifana mai ciwon baki.
Hular kwano kuwa, yaran unguwa
sun ce na kifa ƙwaryar fura a ka.

Asabar, bayan asuba,
na bar kwalta, na wuce garaken albasa,
na sace wa tayu ɗan iska
don su rungumi dutse maimakon su yi tsalle a kansa.
Hawa ba dabara ba ce, haƙuri ne:
ƙaramar giya, ƙirji kusa da ƙaho,
numfashi na fita kamar zugar maƙeri.
Baƙin dutsen Adar yana ƙara a ƙarƙashina,
kowane ɗaya da irin gaisuwarsa.

A ƙoli na tsaya.
Ga kwari shimfiɗe, ga rumbuna kamar tulunan da aka jera,
ga hanyar awaki ta sulale ƙasa, siririya,
tana murɗewa tsakanin aduwa da tsakuwa.
Na sauke sirdi.
Gindi baya, gwiwa a sake, yatsa ɗaya a kan birki.
Duk na haddace.
"Inda ido ya sauka, nan taya ke zuwa,"
wannan ma na haddace.

Sai ga wani dutse, girman kan rago.
Na dube shi.
Na ci gaba da duban shi.
Na damƙe birkin gaba da hannu duka.

Sama ta koma ƙasa.
Da na tashi, hula ta tsage, kai bai tsage ba,
gwiwar hannu ta bar fata a wurin,
tayar gaba tana huci da ƙaya a cikinta.

Wani makiyayi ya zo ya tsuguna, bai ce sannu ba.
Ya ga na zare tif da cokali,
ba ruwan da zan ɓata, na shafa yawu,
muka jira tare har kumfa ya tona hujin.
Ya riƙe mini facin da babban yatsa gam ya sha iska.
Sai ya ce, "Awakina ba sa kallon ƙafarsu."
Ya karɓi dabino uku, ya tafi.

Na tura keken na koma ƙoli.
Cinya na rawa. Na sake sakin kaina.
Wannan karon na dubi ratar,
tafin hannu ɗaya tsakanin dutse da ƙaya,
taya ta shige kamar zare a kafar allura,
iska ta cika mini riga,
na yi ihun da ban yi ba tun ina bin jaki a guje.

Da la'asar Bizo ya dubi hular, ya dubi gwiwar,
bai tambaye ni komai ba.
Ya latsa sifoki ɗaya bayan ɗaya,
ya ce, "Biyu sun saki.
Kuma matarka ta aiko neman cokula."