Mushe Ya Sayi Mushe

Ran da aka jawo ta da igiya
daga bayan tashar Agadas har ƙofar gidana a Garin Malam,
ƴan lakwal ɗina suka bi ta da tafi:
"Mushe ya sayi mushe!"
Na yi dariya. To me zan ce?
Shekara ashirin alli nake riƙewa,
ban taɓa riƙe kile sha uku ba.

Kat-kat ce, fara a da,
ta wani forje da ya naɗe tabarmarsa ya tafi.
An ce ta sha rairayin Tasker har ta ƙoshi.
Yanzu kaza ke ƙwai a kujerar direba,
taya uku sun sace, ta huɗun tubali ce.

Barira ta leƙo daga madafa,
ta dube ta, ta dube ni.
"Kuɗin rufin ɗakin ke nan?"
Na ce su ke nan.
Ta koma ga tukunyarta.
Da ma zagina ta yi.

Lahadi na ɗaga kapo.
Ciki kamar kayan cikin ragon layya,
ban san na ci ba, ban san na zubarwa ba.
Na je wa Usta Kiyari, can gefen Kasuwar Dole,
yana kurɓar shayi bai ko ɗago ba:
"Inji ba ɗan aji ba ne, Mushe, tsawa ba ta sa shi magana.
Abin da ka kwance, jera shi yadda ya fito.
Sauran na kunne ne."

Sai alli ya yi rana.
Na zana gidaje a daɓen tsakar gida,
kowane ƙarfe da sunan da na raɗa masa:
Mai Wuya, Ɗan Kurma, Ƙanen Ɗan Kurma.
Gwangwanin tumatir goma sha ɗaya cike da noti.
Bulo guda ya cinye mini kwana tara,
ranar ta goma ya karye, ya tafi da fatar yatsana.
Radiyata kuwa rariya:
jarka biyu na mai ga-ruwa ta shanye
a garin da ake ƙirga ruwa da moɗa.

Littattafan yara duk sun san halin da nake ciki,
kowane shafi da baƙin tambarin babban yatsa.

Cikin ƙofar baya na tarar da ƙwallayen dabino,
da finjali mai tsaga,
da yashi ja cikin tafi guda,
wanda ba na ƙasarmu ba.
Ban zubar ba.

Wata bakwai. Na mayar da komi,
bulo uku suka yi saura suna kallona.
Na murɗa makulli.
Ƙyak. Ƙyak. Shiru.
Na murɗa har batir ya mutu, na kai caji, na dawo,
na zargi pompi, na zargi wanda ya sayar mini, na zargi kaina.
Ubaida, mai shekara tara, ita ke riƙe mini cocila.
Ta durƙusa inda bayana ba ya lanƙwasuwa:
"Baba, ɓera ya ci wannan tiyon."

Dala ɗari.
Wata bakwai, ashe dala ɗari.

Bayan sallar asuba ta yi tari,
ta sake tari, ta yi gurnani,
hayaƙi ya rufe zaure,
awakin Mutari maƙwabci suka tsinke igiya,
kazar ta fice ta taga tana tsine mini.

Mun je Mirya, mun sayo rake,
Barira a gaba, ba ta ce komi ba,
amma na ga tana shafa kujera.
A dawowa, daidai inda duwatsun gari ke fara leƙowa,
ta mutu.

Barira ta sauka, ta gyara ɗamara,
ta kafa hannu biyu a ƙofar baya.
"Sa ta a biyu," in ji ta.
Ban san inda ta koyo ba.

Bulo ukun na nan cikin aljihuna.
Hadari na haɗuwa gabas,
ɗakin kuma har yanzu yana zuba.