Mil Ɗari da Arba'in

Ƙarfe biyar na asuba nake tayar da mota,
in kankare ƙanƙarar gilashi da tsohon katin banki.
Ni ce Verna Hlavacek.
Shekara ashirin da shida ina raba wasiƙu
a gundumar Ostrander, can yammacin Nebraska,
inda shanu suka ninka mutane sau talatin,
ban da maruƙa.

Jiya wani saurayi ya zo daga birni
da takarda mai gida-gida,
wai zai rubuta bayanin gundumarmu:
mutum nawa, albashi nawa, asibiti nawa.
Na ce masa gani ya kori ji,
ture buhun nan ka zauna.

Akwatin farko na Orval Dettmer ne.
Bana shekara huɗu da rasuwar matarsa,
mujallar saƙa tana zuwa da sunanta har yau,
ya hana ni sokewa.
Rubuta: gida ɗaya, mutum ɗaya da rabi.

Wancan jan ginin makarantarmu ce,
yanzu ciyawar shanu ake tarawa a ajin da na koyi karatu.
Yaran da suka rage, su goma sha tara,
suna shiga bas da duhu, su dawo da duhu,
rabin barcinsu a kan hanya suke yinsa.

Asibiti? Rubuta ɗaya, sai ka ɗan goge shi.
Tun da aka rufe ɗakin haihuwa
sai a yi tafiyar awa biyu da naƙuda.
Nan gindin allon nan Marisol Quezada ta haihu
a bayan motar mijinta, iska tana kaɗa bargo.
Da wuƙar yanke igiyar wasiƙu na yanke cibi.
Yarinyar tana aji uku yanzu,
ba ta gaishe ni sai an tuna mata.

Kakana ya haƙa ƙafa arba'in ya tarar da ruwa.
Ɗana ya haƙa ɗari uku
ya tarar da bashi.

Kanti ɗaya gare mu, tumatir kamar zinariya,
amma buɗe firjin kowa ka ga naman barewa.
Coci ma ɗaya: ƙarfe tara tsofaffi masu sunaye irin nawa,
ƙarfe ɗaya ma'aikatan garken shanu, da Sifaniyanci.
An yi shekara biyar ana gaisuwa daga nesa,
har ranar da gobara ta kama makiyayar Dettmer.
Jiniya ta yi kuka, kowa ya fito,
mai banki da mai wankin kwanuka riƙe da tiyo ɗaya.
Tun daga nan ake cin abinci teburi guda,
ana gulmar barkonon juna.

Saurayin ya ce, to me ya hana ku tashi?
Ban amsa ba, idona yana kan akwatin Oleta Brandvold.
Wasiƙun jiya suna ciki, ba a taɓa ba.

Na kashe mota.
Muka bi ta cikin dusar ƙanƙara, takalminsa na ofis yana nutsewa.
Mabuɗi yana ƙarƙashin tukunyar fure.
Tana kwance a ƙasan kicin tun daren jiya,
ƙugu ya karye, baki bai karye ba:
Verna, kin makara da minti goma,
kuma wane ne wannan siririn?

Shi ya riƙe hannunta har motar asibiti ta iso,
awa ɗaya da kwata, na duba agogo.
Takardarsa ta jiƙe a aljihu.

Da muka koma hanya ya yi shiru,
can ya ce, a wane gida zan sa wannan?
Na ce zumunta a ƙafa take, yaro,
a nan kuwa a taya.
Miƙo mini ƙunshin can.
Saura akwati sittin da biyu,
ga rana ta karkata.