Ƙarfe Shida a Rukuba

Ƙarfe shida, sanyi ya sauko daga duwatsu,
begila ta yi kira a bariki.
Mai keke ya dire, mai dankali ta yi cak,
cokali ya tsaya a kofin shayi.

Baba Gyang ya miƙe, gwiwa na ƙara.
Shekara ashirin yana busa ta
har haƙoran gaba suka yi masa ritaya.
Yau leɓɓansa kaɗai ke bin sautin.

Tuta na sauka kamar guga a rijiya,
hannu huɗu suka cafe ta, ba ta taɓa ƙasa ba.

"Yaron nan garaje gare shi," in ji Baba.
"Ƙarshen, jan sa ake yi
har numfashi ya ƙare."

Ya zauna. Shayin ya huce.