Daƙiƙa Arba'in da Ɗaya

Shagona yana ƙarƙashin matakala
a bayan kasuwar Kutaisi,
tsakanin mai gyaran takalmi da mai sayar da cuku.
Aikina in ciro hoto mai motsi daga cikin waya
in kwantar da shi a faifai
saboda tsofaffin na'urorin da ke ƙarƙashin talabijin,
waɗanda ba su jin yaren zamani.
Tafinta ne ni, tsakanin inji da inji.
Yara na cewa sana'ata ta mutu.
To, gawar ce ke biyan kuɗin wuta.

Ran Talata, ana yayyafi,
Tsiala ta shigo da lema mai karyayyen haƙarƙari,
ta ajiye wayar jikarta a teburi
kamar mai ajiye ƙwai.
"Shalva na ciki," ta ce. "Fito mini da shi.
Idona ba ya shiga wannan 'yar tagar."

Na duba. Daƙiƙa arba'in da ɗaya.
Wani tsoho bisa tsani, hula a karkace,
yana yi wa kurangar inabi aski.
Ya yi tari. Ya waiwayo: "Ke, me kike ɗauka?"
Dariyar yarinya. Ƙasa, takalmi, duhu.
Iyakarsa ke nan.

Na ce, "Uwa, faifan nan awa biyu yake ci,
wannan ai ɗigo ne a randa."
Ta ce, "Randar taka ce ko tawa?"

Kwamfuta ta hau nishi.
Koren layi ya yi ta rarrafe,
ya kai tamanin da bakwai ya toge
kamar jakin da ya hango gada.
Ba mu ce uffan ba. Lemarta na ɗiga a daɓe.
Can ya ga dama, ya haye.
Faifai ya fito da ɗumi, kamar an sauke shi daga tanda.

Na zura shi a na'urar gwaji.
Da yake a tsaye aka riƙe wayar,
Shalva ya fito siriri a tsakiyar allo,
baƙi a dama, baƙi a hagu.
"Ina sauran lambun?
Nan ɓauren yake. Nan igiyar shanya."
Na ce abin da waya ba ta gani ba, ba ni da shi.
Ina iya jan hoton ya cika allo,
sai dai fuskar za ta baje, mutumin ya yi teɓa.
"Kul. Shekara hamsin ina ɗura masa, bai yi ba,
ba kai za ka sa masa ba.
Bar baƙin. Na san abin da ke cikinsa."

Maɓallan rimot ɗinta sun goge, in ji ta,
don haka na cire zaɓi, na cire tambaya,
na ɗaure wutsiyar hoton da kansa:
da ya ƙare, ya koma kan tsani.
Ta biya lari biyar,
ta ƙara mini da alewar inabi mai zare a ciki.

Sanyi ya zo ya wuce. Kogin Rioni ya cika ya sauka.
Ran nan sai ga ta, ba lema.
"Faifan ya karce. Yana kafewa
daidai inda ya waiwayo."
Na miƙa hannu ga sabon faifai,
bakwai suka rage mini a kwali.
Ta dafe hannun.
"Ba gyara ya kawo ni ba, gaya maka na zo yi.
Ya bar tarin. Ya bar tambayar.
Yanzu kallona kawai yake."